Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawara Ga Jigawa Golden Stars

Yau ƙwallo za mu taɓa, amma ta gida.

Duk shekara idan aka rufe kakar wasa, filaye kan yi shiru na wata biyu ko uku. Mai kallo sai ya ɗauka hutu ake yi, alhali a waɗannan watannin ne ake yanke hukuncin wanda zai hau da wanda zai faɗo a kaka mai zuwa. A lokacin ne ake zama a ce wane ya tafi, wane ya zauna, wane za a nemo, kuma da nawa. Mu nan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ka shiga kowane gidan kallo za a lissafo maka duk ɗan wasan da Arsenal ke zawarci, har da kuɗin da aka taya shi. Ka tambayi sunan mai tsaron ragar Jigawa Golden Stars kuwa, ƙungiyar da ake ɗaukar nauyinta da kuɗin jiharmu, sai a shiga kallon-kallo.

Ga wanda ya manta, ƙungiyar nan ta hau gasar Firimiyar Nijeriya a 2019, tare da Adamawa United da Warri Wolves da wadda daga baya aka sani da Dakkada. Cutar korona ta tsayar da kakar 2019/20 a tsakiya, ba a saukar da kowa ba. Da aka buga cikakkiyar kaka a 2020/21, uku daga cikin huɗun nan da suka hau tare suka sake faɗowa tare, kuma tamu na ciki. A shekarun nan ma wasannin da ake kira nata na gida a Kano da Kaduna ta riƙa buga su, wato mai gida ne da ke kwana a ɗakin baƙi. Warri Wolves ta koma sama a 2025. Mu har aka shiga kakar 2025/26 muna rukuni na biyu, wanda masu sharhi a rediyo ke wa laƙabi da gasar 'yan dagaji.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. Kano Pillars, mai kofin gasa huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗo a 2022 tare da Katsina United. Shekara guda suka yi a ƙasa, a 2023 dukkansu suka koma. Za a ce ai Pillars ta fi mu kuɗi da jama'a, kuma gaskiya ne. Amma a lura da abu guda: da ta faɗo, mutum irin Rabi'u Ali bai tattara takalmansa ya nemi wani gida ba. Ya haura shekara 40 yana sanye da rigar nan, kuma duk yaron da aka kawo ya tarar da wanda zai nuna masa yadda ake yi a gidan. Ƙungiyar da ba ta da irin wannan mutumin, kowace kaka daga tushe take fara gini.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ƙungiyar jiharmu ba za ta iya sayen hanyar komawa Firimiya da kuɗi ba, domin akwai waɗanda suka fi ta aljihu. Abin da za ta iya shi ne ta fi su iya kasuwa. Kuma ba sai an je Turai koyon wannan ba, a zo Maigatari ranar Alhamis.

Duk wanda ya san karar Maigatari ya san akwai mai sayen rago a jajibirin Sallah. Wannan shi ne abincin dillalai. Ya zo a makare, idonsa ya rufe, yara na jira a gida, duk abin da aka sa masa sai ya saya, wani lokacin ma ragon da aka ɗirka wa ruwa da gishiri don ya yi ciki. Akwai kuma mai turka. Shi tun watanni shida kafin Sallah yake zuwa, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ya zaɓi ɗan rago mai ƙashi ko da ramamme ne, ya kai gida ya ɗaure a turke, ya bi shi da dusa da harawa da ƙowa. Ranar da mai jajibiri ke zufa yana roƙon a rage masa, shi mai turka yana zaune yana cewa albarka.

Yadda akasarin ƙungiyoyin gwamnati ke haɗa 'yan wasa a ƙasar nan, sayen jajibiri ne. Kaka ta ƙare, kowa ya watse, ba a san ko kocin zai dawo ba, shugabannin na jiran a saki kuɗi. Sai saura 'yan makonni a fara gasa a ji sanarwa a rediyo cewa za a yi tantance 'yan wasa. Matasa su yi dafifi daga ko'ina, a raba su goma sha ɗaya-ɗaya, kowa a ba shi minti ashirin ko talatin ya nuna kansa. To, a minti ashirin me za ka gani? Za ka ga mai gudu da mai yanka. Wanda ya san inda zai tsaya idan ƙwallo ba ta ƙafarsa, da wanda zai jure tafiyar kwana guda a mota ya sauka ya buga minti casa'in, waɗannan ba sa bayyana a irin wannan taron. Ga kuma 'yan takarda, waɗanda wani babba ya turo. Daga ƙarshe a sallami rabin na bara, a ɗebo sababbi, a ba su kwantiragin kaka ɗaya, a ce koci ya haɗa su cikin sati uku. Cinikin biri a sama ke nan, kuma badi ma haka za a sake.

Kwantiragin kaka ɗayan nan shi ne babbar ɓarakar, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa. Idan yaro ya yi fice a hannunka kuma takardarsa ta ƙare a ƙarshen kaka, doka ta ba shi dama ya tafi inda ya so, ba wanda zai ba ka ko sisi na ciniki. Kai ka ciyar, kai ka yi jinyar rauninsa, wani ya zo ya kwance daga turkenka. Idan kuma bai yi fice ba, ka sallame shi ka ce ka huta. Ma'ana dai, a tsarin nan nagari ne kullum ke tafiya kyauta. Shugabanni na son sa ne saboda ba su da tabbacin za su kai badi a kujerar, ga shi ba mai son ɗaukar alƙawarin albashin shekara uku alhali bai san yaushe za a saki na wata mai zuwa ba. A zamanin gwamnan da ya gabata jaridu har laƙabin Badaru Boys suke yi wa ƙungiyar. Laƙabin ya faɗi gaskiyar lamarin: ƙungiya ce da ake kallo a matsayin ta mai mulki, shi ya sa lissafinta ba ya wuce wa'adin mulki.

Da mu za a tambaya, kafin a nemo ko mutum ɗaya sai an fara zama a kan na hannu. A ware goma sha huɗu ko sha biyar da suka fi buga wasa a kakar da ta wuce, waɗanda shekarunsu ba su ja ba a ba su shekara biyu ko uku a rubuce, da ƙarin albashi kowace shekara. A biya duk wanda ke bin bashi kafin a yi maganar sabon ɗauka, domin labari na yawo tsakanin 'yan wasa fiye da yadda yake yawo a tasha, kuma gidan da aka san ba ya biya, sai wanda ya rasa wurin zuwa ne ke ƙwanƙwasa ƙofarsa. Bayan nan sai a shiga kasuwa da jerin guraben da ake nema, kamar yadda mai turka ke shiga kara ya san abin da ya kawo shi. A rukuni na biyu cin wasa a waje abu ne mai wuya, maki ɗaya da ka tsinto a gidan wani yana iya zama shi ne bambancin mai hawa da mai zama. Don haka kuɗin farko na mai tsaron raga ne da 'yan baya biyu na tsakiya da mai tare tsakiya, gogaggu waɗanda suka taɓa hawa da wata ƙungiya. Ɗan gaba guda ɗaya mai sanyin zuciya a gaban raga ya isa. Ragowar guraben, shida ko bakwai, na yaranmu ne.

Mun san abin da za a ce: yaran gida ba za su iya da zafin gasar nan ba, gwamnati na son sakamako yanzu, magoya baya ba su da haƙuri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ɗan shekara 18 da ya saba da filin makarantar firamare, ranar farko da wani ƙato zai taka shi a gaban 'yan kallo masu jifa, zai raina kansa. Shi ya sa ba mu ce a zuba su duka a fili lokaci guda ba. A sa biyu, a riƙa sako na uku a minti ashirin na ƙarshe, saura su yi atisaye da manya. Maganar sakamako yanzu kuwa, ai tsarin gaggawan ne ake bi tun 2021, kuma ga inda muke.

Akwai wani wasa da Amurkawa ke ji da shi, besbol, wanda ake dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da kulki a ruga a zagaye fili. Ba ma yin sa a nan, amma su ne suka fi kowa mayar da lissafin hutun kaka sana'a. A ƙarshen kakar 2001 wata ƙungiya marar ƙarfi, Oakland Athletics, ta rasa manyan 'yan wasanta uku lokaci guda. Babbansu, Jason Giambi, New York Yankees ta ɗauke shi a kan dala miliyan 120 na shekara bakwai. Albashin Oakland gaba ɗaya a lokacin kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na abin da Yankees ke biya. Manajanta, Billy Beane, ya san ba zai iya sayen wani Giambi ba, sai ya koma kan alƙaluma yana neman abin da ke kawo nasara wanda kasuwa ba ta sa wa tsada ba. Ya ɗauko mutanen da aka raina, har da wani Scott Hatteberg da rauni a hannu ya hana shi ci gaba da gurbinsa, aka koya masa wani gurbin. A 2002 suka ci wasa 103 cikin 162, har da 20 a jere. Ba su ɗauki kofi ba, a zagayen farko na wasannin ƙarshe aka cire su, kada wani ya ce mun ɓoye. Amma talaka ya zauna sahu ɗaya da mai kuɗi, har Michael Lewis ya rubuta littafi a kai a 2003, Moneyball. Abin da ya ba Beane dama shi ne a can duk abin da ɗan wasa ya yi a fili rubuta shi ake yi. A wurinmu kuwa ka nemi sanin wanda ya fi cin ƙwallo a gasar matasan Gumel shekara uku da suka wuce, sai dai a yi ta musu a teburin mai shayi.

Kwatancen kara da muke ta yi yana da iyaka, kuma daga besbol ɗin ma aka ja layin. A can ƙungiyoyi musanyar 'yan wasa suke yi kai tsaye, ba ni wane in ba ka wane da wane. A 1969 aka musanya wani baƙar fata mai suna Curt Flood daga St. Louis zuwa Philadelphia bayan ya yi shekara 12 a gidan, ya ce ba za shi ba, shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ya sha kaye a 1972, sana'arsa ta mutu. Amma bayan 'yan shekaru 'yan wasan suka samu 'yancin zaɓar inda za su idan kwantiraginsu ya ƙare. A ƙwallon ƙafa hukuncin Bosman na 1995 ne ya yi irin wannan aikin a Turai. Don haka idan muka ce a ɗaure yaro da shekara uku, muna nufin takardar da aka karanta masa da harshen da yake ji, a gaban mahaifinsa ko waliyyinsa, aka ba shi kwafinsa ya tafi da shi gida, kuma aka rubuta a ciki cewa idan an yi wata kaza ba a biya shi ba yana da damar tafiya. Yaran da ake sa wa hannu a takardar Turanci a bayan mota, ba su san me ke ciki ba, zalunci ake yi musu ko da ƙungiyar garinsu ce ta yi.

Sai maganar ciniki da maƙwabta. A kakar 2025/26 Kano na da ƙungiya biyu a Firimiya, Pillars da Barau FC da ta hau a 2025, ga Katsina United nan kusa. Kowaccensu na da matasa masu kyau da ke ɗumama benci. A nemi biyu ko uku aro na kaka guda, a raba nauyin albashi, a rubuta farashin da za a saye su idan an hau. Su kuma a ba su alƙawarin cewa idan za mu sayar da wani namu, su za a fara yi wa tayi. Ahmed Musa, wanda aka ba shugabancin gudanar da Pillars a 2025, ya san wannan hanya ciki da bai, domin daga Pillars ɗin ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010 bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka guda. Mutum ne da za a iya zama da shi a yi maganar da za ta amfani kowa.

Idan kuma an tashi sayarwa, kada a karɓi kuɗi a tafa a tashi. A rubuta cewa duk ranar da aka sake sayar da yaron, muna da kashi 15 ko 20 cikin ɗari. Ban da wannan, akwai haƙƙin da FIFA da kanta ta tanada wanda da yawa daga masu ƙananan ƙungiyoyinmu ba su san da shi ba. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuwa kowace shekara rabin kashi ɗaya ce. Mu ƙaddara wata ƙungiya a Gagarawa ta riƙe yaro yana da 16 da 17, daga baya aka sayar da shi Yuro miliyan ɗaya. Rabonta Yuro 10,000 ne, kuma idan aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasar ta sake karɓa. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin sawun kuɗin nan yana aika wa masu shi. Sharaɗin guda ne: sai an ga sunan yaron a rajistar hukumar ƙwallo a ƙarƙashin ƙungiyar a waɗannan shekarun. Wanda bai yi rajista ba, ko shi ya saya wa yaron takalmin farko, ba shi da komai. Kada kuma a ce wa zai fito daga ƙauye ya kai can. Zaidu Sanusi daga Jega ya fito, ya bi ta ƙananan ƙungiyoyin Fotugal har ya kai Porto a 2020.

Wannan ya tuna mana da yankin ciniki marar haraji na Maigatari, wanda aka kafa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. Hikimar kafa shi ita ce riɗi da zoɓo da fatun da ke fita ta nan a riƙa gyara su a gida kafin su tafi, don ribar ta zauna a nan. Sama da shekara 20 ke nan ana maganar yadda za a sa shi ya tsaya da ƙafarsa. Yaranmu masu ƙwallo ma haka suke fita, ɗanyu, zuwa Kano da Kaduna da Legas, wani ya yi musu rajista da sunan makarantarsa ta ƙwallo, ya zama a takarda shi ya rene su. Dubi Remo Stars ta Ikenne, ƙungiyar ɗan kasuwa guda, Kunle Soname. Makarantar renonta, Beyond Limits, ta ɗauko kofin matasa na Viareggio a Italiya a 2024, uwar ƙungiyar kuma ta lashe Firimiyar Nijeriya a 2025. Ikenne ba birni ba ne.

Iyakar da ke bayan gidanmu ma dama ce da ba a taɓa ba. Tsakaninmu da Damagaram da Maraɗi harshe ɗaya ne, abinci ɗaya, aure na shiga tsakani, kuma suna da ƙungiyoyinsu da matasansu. Ɗan wasan da aka ɗauko daga can ba ya buƙatar tafinta. Sai dai a yi shi bisa doka, da takardar sauya ƙasa daga hukumar ƙwallon Nijar, kuma ban da wanda bai kai 18 ba, domin FIFA ta hana. A kuma sa a rai cewa iyakar nan tana rufuwa ba sallama. An rufe ta a watan Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Mutum ɗaya ko biyu daga can sun isa, kada a jingina kaka guda a kan ƙofar da mabuɗinta ke Abuja da Yamai.

Saura batun shekaru, wanda kowa ya sani ba mai son faɗa. A kara ba wanda ke sayen sa bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba. A ƙwallo kuwa mai shekara 27 sai ya zo ya ce 19 gare shi, a rubuta. Tun a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a ƙasar nan a 2009, wadda Kano ma ta karɓi wasu wasanninta, FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don kama irin wannan. Ƙungiyar da ta ba tsoho shekara uku a matsayin yaro ta yi asara biyu, ba zai ƙaru ba kuma ba zai sayu ba. A nan ne ɗan gida ya fi baƙo sauƙin sha'ani. Yaron Sule Tankarkar an san shekarar da ya shiga aji ɗaya, rajistar makarantarsa na nan, sa'o'insa na nan a gari.

Aikin rubuta alƙaluman nan da muka ce babu, ba sai mun jira ma'aikatar wasanni ba. A zauren nan akwai masu biro daga kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan. Duk wasan da za a buga a filin garinku, a je da littafi mai layi: kwanan wata, sunayen ƙungiyoyi, sunayen waɗanda suka fara da gurbin kowa, wanda ya ci da wanda ya ba shi, minti nawa, wa aka canza, wa aka ba kati. A tambayi koci shekarar haihuwar kowane yaro a rubuta, badi a sake tambaya a ga ko ta canza. Wanda ya yi, ya ɗora a ƙarƙashin wannan rubutun kowace Juma'a, mu kuma za mu haɗa su wuri guda, gari-gari, ta yadda ranar da aka rufe kaka akwai takardar da za a iya miƙa wa duk kocin da aka naɗa a Dutse.